Mu dai ba mu gani a ƙasa ba

Na ga labarin ya ce tun watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a cire haraji kan kayan haɗa magunguna. To madalla, amma mu masu tsayuwa a gaban kantar kemis ba mu gani a ƙasa ba. Hajiyarmu na fama da hawan jini da ciwon suga. A da kwali nake sayo mata, yanzu sai kati ɗaya, wani lokacin ma a sa almakashi a yanko mini rabi. Rannan na tarar tana raba ƙwaya gida biyu da haƙori, wai don ya kai ta ƙarshen wata. Kasa magana na yi, na fita.

Indiya, inda ake sayo mana magunguna da yawa, tana da hukuma tun 1997 mai yanke iyakar farashin muhimman magunguna, kamfanin da ya ƙetare kuwa sai ya amayar da rarar. Mu NAFDAC inganci take dubawa, farashi an bar wa kasuwa.

Mai kemis ba na ganin laifinsa sosai, da dala ake shigo da kayan. Amma a ce layi ɗaya, magani ɗaya, farashi uku? Haba jama'a!