Kafin ka zuba kuɗinka a SSD mai gudu

Assalamu alaikum 'yan uwa matasa, musamman masu tace bidiyo, masu zane a kwamfuta, da ɗaliban da ke tara taro da sisi don gyara laftof. Yanzu duk wanda kwamfutarsa ta fara nauyi, amsa ɗaya ake ba shi a kasuwa: sa mata SSD, wato sabuwar ma'adanar bayanai da ke maye gurbin tsohon faifai. Shawara ce mai kyau, babu musu. Inda muke kuskure shi ne, da yawanmu lambar jikin kwali kawai muke kallo. Da an ga gudun MB 7,000 a daƙiƙa sai a zaro kuɗi, ba a tambayi ko kwamfutar za ta ɗauki wannan gudun ba, balle a yi tunanin ranar da abin zai tsaya.

Mu fara ba SSD haƙƙinsa. Tsohon faifai, wato HDD, faranti ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, allura tana bin sa tana laluben bayanai. Na laftof yawanci bai fi MB 100 da 'yan kai a daƙiƙa ba. Shi kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinsa, shi ya sa ba ya ƙara, kuma jijjigar babur ko ta Keke ba ta dame shi ba. Mai amfani da SATA, tsohuwar hanyar jona ma'adana da kwamfuta, yana kai wajen MB 550 a daƙiƙa. Mai NVMe, sabon tsari da ke bin hanya mai sauri da ake kira PCIe, a zubi na 3 yana kai 3,500, zubi na 4 wajen 7,000, zubi na 5 kuma ya haura 12,000.

To amma ku lura da wannan. Babban tsallen yana tsakanin HDD da SSD ne, kowane iri. Kwamfutar da take cin minti biyu kafin ta tashi sai ta koma tashi cikin daƙiƙa ashirin ko ƙasa da haka, ko da SATA ka sa mata. Daga SATA zuwa mai 7,000 fa? In aikinka Word ne da Excel da shiga intanet, da ƙyar ka ga bambanci. Dalili kuwa, lambar kwali tana nufin gudun kwashe babban fayil guda ɗaya a jere, alhali aikin yau da kullum ƙananan fayiloli ne dubbai a warwatse, kuma a nan tazarar ba ta da yawa. Wanda ke tace bidiyon biki na 4K, ko yake juye fayil mai GB 50 kullum, shi ne zai mori kuɗinsa. Kai da RAM ɗinka (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi) GB 4 ne, sayi SSD matsakaici, ka ƙara RAM da canjin.

Sai maganar shiga. M.2 sunan siffar rami ne, ba sunan gudu ba. Akwai M.2 mai SATA, akwai mai NVMe, kuma a ido kamanninsu ɗaya in ban da tsagar bakin: mai SATA yawanci tsaga biyu gare shi, mai NVMe tsaga ɗaya. Tsofaffin laftof da dama raminsu SATA kaɗai ya sani, ka sa NVMe ko dai ya ƙi shiga ko kwamfutar ta yi kamar ba ta gan shi ba. Ka duba tsayi kuma. Lambar 2280 na nufin faɗin milimita 22 da tsayin 80, kuma akwai ƙananan laftof masu ɗaukar 2242 ko 2230 kawai. In ka sa zubi na 4 a ramin zubi na 3 zai yi aiki, amma a 3,500 zai tsaya, ka biya kuɗin doki kana tafiyar jaki. Wasu kuma, irin MacBook na 'yan shekarun nan, an liƙe ma'adanarsu a jikin madabod, wato babban allon cikin kwamfutar, ba ta ciruwa. Nemi lambar samfurin kwamfutarka ka karanta littafinta kafin ka taka kasuwa.

Akwai abin da mai shago ba zai faɗa maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Yawancin SSD na yanzu TLC ne ko QLC, wato kowace ƙwayar ajiya tana ɗaukar bit (mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai) uku a TLC ko huɗu a QLC, kuma rubutu a irin wannan ƙwayar yana da nawa. Don a ɓoye nawar, sai aka ware wani sashe kamar zaure, inda ake sauke kaya da sauri kafin a shigar da su cikin gida a hankali. Muddin zauren bai cika ba, gudu kake gani. Da ya cika sai ka ga lambar ta faɗo, a wasu masu QLC har ta koma kusa da ta tsohon faifai. Kuma girman zauren yana raguwa ne gwargwadon cikar ma'adanar. Don haka kada ka cika SSD maƙil, bar masa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari fili. A ganina, wanda zai ɗora Windows da aikinsa a wuri ɗaya ya nemi TLC, kuma kada ya sauka ƙasa da GB 500.

Masu cewa SSD yana saurin ƙarewa sun ɗan zuzuta. Gaskiya ne ƙwayoyin suna da iyakar rubutu, ana kiran ta TBW, wato jimillar TB da za a iya rubutawa a kansa (TB 1 GB 1,000 ne). Samsung 970 EVO Plus mai TB 1 an ba shi TBW 600 da garantin shekara biyar. Ka yi lissafi: ko kullum kana rubuta GB 100, sai ka haura shekara 16 kafin ka cinye. Inda hatsarin yake shi ne na hannu, wanda aka ciro daga wata na'ura ba ka san wahalar da ya sha ba. Kada ka biya sai an jona shi an buɗe manhajar CrystalDiskInfo a gabanka, ka ga kason lafiyarsa, awannin da ya yi a kunne, da jimillar abin da aka rubuta a kansa. Jabu ma sun cika gari: kwali ya ce TB 2, ciki ko GB 128 babu, sai ka zuba kaya su wuce iyaka ka tarar da fayiloli sun lalace. Manhajar H2testw za ta cika shi ta sake karantawa, ta tona asirin. Araha ba ta ado. Amma in ka sayi TB 1 Windows ta nuna maka GB 931, ba cuta ba ce, bambancin ƙidaya ne.

Zafi kuma namu ne, ba sai an faɗa wa mutumin Sakkwato ko Maiduguri ba. Yawancin waɗannan na'urori an ƙayyade musu aiki zuwa digiri 70, in suka haura sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone. A watan Afrilu, ɗaki ba fanka, laftof a kan katifa, ƙurar hunturu ta toshe mashigar iska, me kake tsammani? Ɗora ta a kan tebur, a share fankar ciki ko sau ɗaya a shekara. A kwamfutar tebur, zubi na 4 da na 5 suna son ƙarfen shanye zafi, kuma ka tuna ka ɓare siririyar ledar da ke kan robarsa, don mutane da yawa suna mantawa. Takardar jikin SSD ɗin kuwa kada ka taɓa ta, garanti na iya tafiya da ita.

Babban raunin SSD dai, wanda nake so ya zauna muku a rai, shi ne yadda yake mutuwa. Tsohon faifai yakan yi gargaɗi, ka ji yana ƙas-ƙas, ya yi nauyi na kwanaki. SSD sau da yawa lafiya lau za ka kashe da dare, da safe babu shi ko a BIOS, shafin saiti da ake shiga kafin Windows ta tashi. Ceto bayanai daga cikinsa yana da wuya da tsada, kuma abin da ka goge bisa kuskure, umarnin TRIM, wanda Windows ke ba SSD don ya tsaftace wuraren da aka goge, yakan share shi ba da jimawa ba, manhajojin dawo da fayil su tarar da wayam. Ɗauke wuta a tsakiyar rubutu na iya rikita taswirar da yake gane inda komai yake, saboda haka kwamfutar tebur ba UPS, ko laftof mai mataccen batir, kasada ce. Ba kuma akwatin ajiyar shekaru ba ne, domin cajin da ke riƙe bayanan yana zurarewa a hankali in an bar shi ba wuta, zafi kuma yana ƙara saurin hakan. Furojet ɗinka na makaranta, hotunan bikin mutane da aka ba ka amana, lissafin shago, duk su kasance suna da kwafi a faifan waje, da wani a Google Drive ko makamancinsa. In wata rana ya ƙi karɓar rubutu amma yana buɗe fayil, ba lokacin gwaje-gwaje ba ne, kwashe kayanka nan take.

Wajen sawa, kashe kwamfutar gaba ɗaya, zare caja, cire igiyar batir ta ciki, ka taɓa ƙarfe don sauke cajin jikinka. Zura SSD ɗin na M.2 cikin raminsa a karkace kamar digiri 30, danna shi ƙasa a hankali, ka ɗaure ɗan sukurun ba tare da matsewa da ƙarfi ba. In sabo ne bai fito a cikin Windows ba, shiga sashen Disk Management na Windows ka tsara shi, ka zaɓi tsarin da ake kira GPT. In kuma sabuwar Windows kake ɗorawa a laftof mai Intel zubi na 11 zuwa sama ta ce ba ta ga ma'adana ba, kada ka yi saurin mayar wa mai shago, yawanci direban Intel RST, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta gane ma'adanar, ne babu. Sauke shi daga shafin kamfanin laftof ɗin, ka zuba a filashin da kake ɗorawa da shi, ka nuna masa a wurin da ake zaɓar ma'adana.