Shekarun 1970: Lokacin da Kuɗin Mai Ya Sauya Wa Najeriya Hali

A watan Janairun 1970 Philip Effiong, jagoran riƙo na Biyafara, ya miƙa wuya a Legas, yaƙin basasa ya ƙare, Janar Yakubu Gowon kuma ya shelanta cewa babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi. Ya cancanci yabo a kan haka, domin kisan ramuwar gayyar da duniya ke fargaba bai auku ba. Sai dai ɗan ƙabilar Ibo da ya taɓa ajiyarsa ta banki a lokacin yaƙin, fam 20 aka ba shi komai yawan kuɗinsa, wasu kuma suka koma Fatakwal suka iske gidajensu a hannun wasu. Ba a gama ɗinke wannan ɓaraka ba kuɗin mai ya kwararo, kowa ya juya hankalinsa can.

Ra'ayina shi ne, a cikin waɗannan shekaru goma aka koya wa ƙasar nan zaman jiran rabo. An yi abubuwan kirki, ba shakka: an kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, a shekarar ce kuma naira da kobo suka maye gurbin fam da sule, an kafa ECOWAS a Legas a 1975, an buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowane yaro a 1976. Amma farashin ɗanyen mai ya ninka har sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, kuɗin kuma ya riski gwamnatin da ba ta shirya masa ba.

A duba ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati da ake kira na Udoji. Ma'aikaci ya karɓi ariyas ɗinsa a dunƙule, ya sayi babur da rediyo mai kaset, 'yan kasuwa kuwa nan da nan suka ƙara wa kaya kuɗi. Manomin da bai ga ko sisi ba shi ma a wannan kasuwar yake sayen gishiri da kananzir. Wannan manomi bai daɗe da fita daga farin da ya halaka dabbobi a arewacin Najeriya da Nijar ba, sai ga cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa shi. Dalar gyaɗar Kano ta ɓace. Samari suka jingine fartanya suka nufi birni neman leburanci, a daidai lokacin da ɗaruruwan jiragen ruwa cike da siminti suke jibge a gaban tashar Apapa wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, simintin yana daskarewa.

Na san yadda jama'a ke ƙaunar Janar Murtala, ni ma ina ganin girmansa. A cikin wata shida da 'yan kwanaki ya mayar da jihohi 12 zuwa 19, ya tsayar da maganar Abuja, ya sa ranar miƙa mulki, kafin a harbe shi ranar 13 ga Fabrairun 1976. Duk da haka, korar ma'aikata sama da 10,000 da ya yi ta bar mana illa. Mutum yana zaune zai ji sunansa a rediyo, an sallame shi nan take, ba tare da an saurari bahasinsa ba. Cikinsu akwai ɓarayi, akwai kuma waɗanda gaba ce kawai ta ci su. Waɗanda suka tsira sai suka ɗauki darasin da ba shi aka nufa ba: kujera ba ta da tabbas, tara naka tun kana kai.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe ragowar ikon En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. Jiha da ƙaramar hukuma duk suka zuba wa asusun tarayya ido. Shugaban da ba ya buƙatar harajin talaka kafin ya biya albashi, me zai sa ya damu da gonar talakan?

Haka Alhaji Shehu Shagari ya karɓi ƙasar ranar 1 ga Oktoban 1979, ana shigo da shinkafa daga waje. Da kasuwar mai ta karye, a 1982 dole ya sanar da matakan tsuke bakin aljihu, kuma a lokacin babu gyaɗa ko audugar da za a fitar a cike giɓin.