Uzurin Ranar Allurar Rigakafi

Ni kam na gaji da jin uzurin matan unguwarmu ta Rigasa a kan allurar rigakafi. Uwa za ta goya jariri ta tafi biki har Kawo, ta wuni a rana, amma asibitin da ke bakin layi ne ya yi mata nisa? An yi wa yaro ta haihuwa, an ce a dawo da shi a mako 6, da 10, da 14, sannan ta ƙyanda a wata 9, sai shiru kamar an aiki bawa garinsu. Wannan ta ce jikinsa ya yi zafi bayan ta farko, waccan ta ce maigida bai yarda ba, wata kuma ta ce uwar miji ta ce su da jiƙo suka girma, katin kuwa ko an naɗe ƙosai da shi ko ɓera ya cinye rabinsa. Allurar nan kyauta ce fa! To don me sai ƙyanda ta feso, ido ya kaɗa, numfashi ya sarƙe, sannan a buga mini ƙofa da tsakar dare ana cewa, "Yaya, taimaka, ko nono ba ya kamawa"?