Izinin dagaci ba shi ne yardar uwa ba

Duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa bin gida-gida a Kano ya san tambayar nan: wa ya aiko ku, kuma me ke cikin maganin? Ana yawan jingina ta da jahilci. A ganina tambaya ce ta mutanen da ba su manta ba, kuma masu bincike su ya kamata su fi kowa saurarenta.

A 1996 annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum dubu 11 a Najeriya. A tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da dama suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Sai a 2000 jaridar Washington Post ta Amurka ta fasa ƙwai, aka shiga kotu, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75.

Kuɗi bai biya abin da aka rasa ba. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, akwai siyasa a ciki, akwai fushin yaƙin Iraƙi, amma labarin Trovan yana bakin mutane. Kafin a ci gaba da allurar a 2004, cutar ta fara tsallakawa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya gyara lamarin daga baya shi ne shigo da sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi, da malamai, da matan unguwa waɗanda ake buɗe wa ƙofa don an san iyayensu. Sai a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

To amma mu faɗi gaskiya, wannan wayar da kai ne, ba haɗin gwiwa ba. Najeriya ta fitar da ƙa'idojin binciken lafiya a 2007, kuma yau ba a fara gwaji sai kwamitin ɗa'a ya amince. Madalla. Sai dai abin da ke faruwa a ƙauyuka da yawa bai wuce a kai gaisuwa fada, dagaci ya ce ya yarda, a tara jama'a, a dangwala yatsa a takardar da aka rubuta da Turanci. Matar da za a ɗebi jinin ɗanta tana cikin gida, mai gidan ne ya je taron. Tambayar da za a bincika kuwa an gama tsara ta tun a Abuja ko Landan. Jami'o'inmu ma ba su tsira ba: ɗalibi ya zo da takardar tambayoyi, ya ci lokacin mutane, ya samu digiri, kundin ya kwanta a kanta ƙura na cin sa, waɗanda suka amsa ba su sake jin ɗuriyarsa ba.

Wanda ke son ganin bambanci ya leƙa Maraɗi. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, bayan dashen itatuwa ya yi ta mutuwa, ya lura cewa kututturen sabara da kalgo da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙasa. Idan aka rage tohon aka bar masu ƙarfi, sai su zama itace. Da farko manoma sun yi masa dariya, don a wurinsu gona mai tsabta ita ce wadda ba itace. Bayan yunwar 1984 an haɗa abin da tallafin abinci, da tallafin ya ƙare da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari su ne suka mayar da shi ilimi: kowa ya gwada a gonarsa, ya zaɓi irin itacen da zai bari, da yawan rassan, da lokacin aski, maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna daga baya cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar. Babu tashar gwaji da za ta iya gwada abu a dubban gonaki lokaci guda kamar yadda waɗannan manoma suka yi.

Za a ce gwajin magani ba sassabe ba ne, kuma annoba ba ta jiran taro. Haka ne, ba wanda ya ce manomi ya auna yawan magani. Amma shi ya san lokacin da mutane ke gona ba za su zo asibiti ba, ya san abin da ɗibar jini ke nufi a wurin jama'arsa, ya san wace cuta ta fi damun garin. Batun gaggawa kuma, ai ba a fara haƙa rijiya ranar gobara. Kwamitin al'umma tun lokacin zaman lafiya ake kafa shi. Abin da ya fi wuya shi ne wa zai zauna a ciki. In aka bar zaɓin ga fada da 'yan siyasa, 'yan boko maza ne za su cika shi. A Kilifi ta Kenya, cibiyar binciken lafiya ta KEMRI tana aiki da wakilan da mutanen yankin suka zaɓa da kansu, kuma ba abin da zai hana a yi haka a Gezawa ko Tasawa, da kujerun mata da ungozoma a ciki.

Masu ba da kuɗin bincike, irin su TETFund, asusun gwamnatin Najeriya mai tallafa wa manyan makarantu, suna da sanda a hannu. Su sa kuɗin fassara da na zama da jama'a cikin kasafi tun farko, kuma kada a saki kason ƙarshe sai mai binciken ya koma garin ya bayyana abin da ya gano da Hausa, a dandali ko a rediyo, ko da sakamakon ya nuna maganin bai yi aiki ba.