Nasiha ga iyayen yara masu otizim, kafin a ɗura wa yaron nan wani sabon magani

Assalamu alaikum warahmatullah. Yau maganata da iyayen da Allah Ya ba yaro mai lalurar otizim ce, wadda wasu ke ce wa galahanga, musamman waɗanda yanzu haka suna riƙe da waya suna karanta labarin wani magani da aka ce ya warkar da ɗan wata baiwar Allah a wata ƙasa, wata zuciya na cewa a gwada, wata na cewa a dakata tukuna.

Ba wanda ya isa ya ga laifinku don kun nemi magani. Uwar da ta yi shekaru tana jiran ranar da ɗanta zai buɗe baki ya ce Mama, ta kira sunansa bai waiwayo ba, dare ya raba yana ta zagaye ɗaki yana kaɗa hannu ita kuma idonta biyu, idan aka ce mata ga magani a bangon duniya wallahi za ta tashi. Kuma neman magani umarni ne, Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar mata da magani. Sai dai masu tallan magani sun haddace wannan hadisin fiye da kowa, da shi suke buɗe baki, amma ba sa kawo ƙarashen da ya zo a ruwayar Imam Ahmad, cewa wanda ya san maganin ya san shi, wanda ya jahilce shi ya jahilce shi. Hadisin bai ce kwalbar da ke hannun mai talla ita ce maganin ba. Kuma yaron nan amana ce, shi ba zai iya cewa cikina na ciwo ku daina ba ni ba, wani ma ko nuna wurin da ke masa ciwo ba ya iyawa, toh duk abin da ya shiga jikinsa ku za a tambaya.

Bari mu ɗauki wanda ake kira kileshan, wato a ba yaro sinadarin da zai zuƙe ƙarfe mai guba daga jininsa. Asalinsa magani ne na gaskiya, ana yi wa wanda gubar dalma ta kama, a asibiti, ana auna jini ana lura. Sai wasu suka ce ai otizim gubar makuri, wato zaiba, ce ke kawo shi, don haka a wanke yaran. A 2005 a jihar Fensilbeniya ta Amurka an yi wa wani yaro ɗan shekara 5 wannan ta jijiya, sinadarin ya kwashe kalsiyam ɗin da ke jininsa, zuciyarsa ta tsaya, ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Iyayensa ba mugunta ce ta kai su ba, so ne irin naku. Abin da ya kamata ku sani shi ne yadda ake shawo kan iyaye tun farko: sai a ba yaro kashi ɗaya na maganin zuƙe ƙarfen, sannan a ɗebi fitsarinsa a kai gwaji, sakamako ya fito da jajayen layuka, a ce kun gani ko, jikinsa cike yake da guba. Alhali kowane ɗan adam, har ni har kai, in aka ba shi wannan maganin aka auna fitsarinsa sai an ga ƙarfe ya hau, don ma'aunin da ake kwatantawa da shi na wanda bai sha komai ba ne. Da takarda mai hatimi ake tsorata mutum.

Tsoron da ake yi cewa allurar rigakafi ce ke kawo otizim ma ai ya rushe tuni. Wani likitan Birtaniya Andrew Wakefield ne a 1998 ya wallafa bincike a kan yara 12 kacal yana alaƙanta rigakafin ƙyanda da otizim, a 2010 mujallar Lancet ta janye binciken, Birtaniya kuma ta soke masa lasisin aikin likita. A 2019 an fitar da binciken da ya bi yara sama da 650,000 a Denmak, ba a ga bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa rigakafin da waɗanda ba a yi wa ba. Don haka uwar da ke kwana tana kuka wai ita ta jawo wa ɗanta da ta kai shi allura, dan Allah ki sauke wannan nauyin, ba naki ba ne.

Sai wanda ya fi ɗaga min hankali, MMS. Suna mai daɗi, ana ce masa ruwan mu'ujiza, amma in aka haɗa shi abin da yake zama shi ne sinadarin bilic irin wanda masana'antu ke farar da takarda da yadi da shi. Ana ɗiga wa yara a baki, wasu ta dubura ake ɗura musu. Yaro ya kama amai da gudawa, uwa ta koma guruf ɗin masu tallan a waya hankali a tashe, sai a ce mata masha Allah ai gubar ce ke fita, ƙara masa. Ta ga wani abu dogo kamar zare a bayan gidansa, a ce mata tsutsar otizim ce, ta ɗauki hoto ta tura ana ta yi mata barka, alhali likitoci sun ce majina ce da fatar cikin hanjin yaron da ke saluɓewa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2010 ta sake yi a 2019, kuma a 2023 kotu a Miyami ta ɗaure wani uba da 'ya'yansa uku da ke sayar da shi da sunan coci. Da rigar addini suka sayar da shi fa, wannan kaɗai ya isa mu yi hattara da duk wanda ya haɗa tallan magani da yawan ambaton Allah.

Na san abin da wani zai ce, Malam ai ni da idona na ga wadda ta gwada kaza kuma ɗanta ya fara magana. Ban ce ƙarya take ba. Amma ku ji labarin sikiretin, wani sinadari ne na hanji da a 1998 aka yi ta yayata cewa yara uku sun samu sauƙi bayan an yi musu allurarsa, iyaye suka yi ca a kansa. A 1999 aka gwada a kan yara kusan 60, rabi aka ba su maganin rabi aka ba su ruwan gishiri, ba iyaye ba likita ba wanda ya san wa ya samu me. Duka ɓangarorin biyu sai aka ga sun ɗan samu ci gaba, kuma daidai wa daida. Saboda yaro girma yake yi, wanda bai magana a shekara uku yana iya farawa a huɗu ko an ba shi wani abu ko ba a ba shi ba, kuma idon da ya ƙagu ya ga sauƙi zai gani. Wadda ta gwada ba ta ga komai ba kuma ba ta zuwa ta yi rubutu, shiru take yi da baƙin cikinta, shi ya sa shaidun da kuke karantawa duk na nasara ne.

Cire alkama da madara daga abincin yaro bai kai waɗancan haɗari ba, amma gwaje-gwajen da aka yi a tsanake ba su nuna yana gyara otizim ba, sai dai in yaron yana da matsalar cin su ta daban wadda likita ya tabbatar. Kuma yawancin yaran nan dama abinci ƙalilan suke yarda su ci, ka zo ka cire biyu daga ciki, me ya rage? Haka bitamin, ba a ce don sunansa bitamin ba ya illa, B6 in ya yi yawa yana lalata jijiyoyi, A kuma yana taɓa hanta. Ɗakin oksijin mai matsin iska da allurar ƙwayoyin halitta da ake ce wa stem cell ana ta tallansu da kuɗi masu nauyi, har yau ba su tabbata ba.

Wannan ba yana nufin a naɗe hannu ba ne. Da yawa daga abin da ke sa yaro ihu da buga kai ciwo ne da ake iya magancewa, taurin bayan gida, ciwon haƙori, ciwon kunne, rashin barci, farfaɗiya wadda ta fi yawa a cikinsu fiye da sauran yara. A duba waɗannan. Melatonin yana taimaka wa wasunsu su yi barci, da shawarar likita. Koyar da magana, koyar da shi nuna abin da yake so da hoto ko alama, koya masa wanka da sa kaya da hannunsa, waɗannan su ne aikin da ba shi da talla ba shi da bidiyo mai sa kuka, a hankali yake tafiya, amma shi ne ke da hujja a bayansa. Addu'a kuma ba ta tsayawa, ku tofa masa Fatiha da Falaƙi da Nasi safe da yamma, ba ta karo da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ku kuma 'yan uwa da abokan arziki masu turo saƙo kullum, gwada wannan gwada wancan, ku ji tsoron Allah. Abu Dawud ya ruwaito labarin sahabin da dutse ya fasa wa kai a tafiya, ya wayi gari da janaba ya tambaya ko zai yi taimama, abokan tafiyarsa suka ce ba su ga sauƙi gare shi ba tunda ga ruwa, ya yi wanka ya mutu. Da labari ya kai wa Annabi (SAW) sai ya ce sun kashe shi, me ya hana su tambaya tunda ba su sani ba. Su ma fa alheri suke nufi. Kuma a wani hadisin ya ce wanda ya yi aikin likitanci alhali ba a san shi da shi ba, to shi ne mai lamuni. Danna fowad ma ba da fatawa ce a kan jikin ɗan wani.

In kun riga kun fara ba shi wani abu, kada kunya ta sa ku ɓoye. Ku ɗauki kwalbar yadda take da takardarta ku kai wa likitan yaron, ku gaya masa nawa kuke bayarwa kuma tun yaushe, musamman in yana shan maganin farfaɗiya, don wasu abubuwan suna karo da juna a jiki. In kuma MMS ne, wannan ba sai kun jira ranar ganin likita ba, ku daina ba shi tun yau.