Korona ta nuna mana garkuwar jiki ma tana iya cin mai ita

Tun lokacin korona har yau masu tallan magani a mota da Facebook ba su daina cewa "sha wannan ya ƙara maka ƙarfin garkuwar jiki" ba, kuma abin yana damuna sosai, don akwai cututtuka da yawa da garkuwar ce da kanta take ɓarnar, kamar karen gadi da ya daina gane mutanen gida. Lufus (cutar da ke taɓa fata, gaɓoɓi da ƙoda), wani nau'in amosanin gaɓoɓi, ciwon sugan da ke kama yara, duk daga nan suke, kuma kusan huɗu cikin biyar na masu irin waɗannan cututtuka mata ne.

Ƙwayoyin garkuwa da ake ce wa T suna samun horo ne a wata ƴar tsoka bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos, duk wadda aka ga tana son kai wa naman jiki hari tun a can ake kashe ta, amma wasu sukan kuɓuta, shi ya sa Allah ya yi wasu ƙwayoyin T ɗin masu tsawatar musu. Shimon Sakaguchi ɗan Japan ne ya gano masu tsawatarwar nan a 1995, a kan wannan fanni aka ba shi kyautar Nobel a 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell.

To wani lokacin ƙwayar cuta takan zo da kama irin ta naman jikinmu, garkuwa ta tashi yaƙarta sai ta haɗa da nata. Wannan kam mun san shi ko ba mu san sunansa ba. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a ce belu ne a kai wa wanzami, bayan sati biyu uku gwiwa ta kumbura, gobe ta koma idon sawu, shekaru na tafiya yana haki in ya hau bene, ashe ƙofofin zuciyarsa ne garkuwarsa ta cinye, abin da penisilin mai arha zai iya hanawa tun farko.

Korona ta zo ta ƙara fito da abin fili. A 2020 tawagar masanin garkuwar jiki Jean-Laurent Casanova ta duba jinin mutum 987 da cutar ta kusa kashewa, 101 daga ciki jikinsu yana da makaman garkuwa da ke kashe intaferon, wato sinadarin da ke fara buga ƙararrawa in bairos ya shigo, mafi yawansu maza, kuma alamu sun nuna tun kafin korona suke da su. A Afrilun shekarar likitocin Ingila suka fara ganin yara da kumburin zuciya da hanji makonni bayan kamuwa. Sannan maganin farko da aka tabbatar yana rage mutuwa a binciken Jami'ar Oksfod, deksametason, aikinsa kwantar da garkuwa ne fa. Wani bincike a Jamus kuma ya ga cewa waɗanda suka yi korona sun fi waɗanda ba su yi ba samun sabuwar cuta irin wadda garkuwa ke cin mai ita da kusan kashi 40 cikin 100, duk da dai mafi yawan waɗanda suka warke lafiyarsu lau, kada wani ya tsorata mutane da lissafin.

Ni damuwata tana kan matanmu. Yarinya gashinta na zuba, gaɓoɓi na ciwo, in ta shiga rana ƙuraje su feso a kumatu, gajiya ba ta ƙarewa, sai a yi ta ɗura mata maganin taifod da maleriya wata da watanni, in ya ƙi a ce sammu ne ko iska, kafin a je asibitin koyarwa a gane lufus ce ƙoda ta taɓu. Wasu kuma su sayi deksametason a kemis su ji sauƙi su yi ta sha ba ƙa'ida, ƙashi ya yi rauni, suga ya hau.

Gwajin jinin ANA, mai neman makaman garkuwa da ke kai wa jikin mai su hari, da gwajin fitsari ne matakin farko na gano lufus, ya kamata gwamnatocin jihohi su kai su manyan asibitocin ƙananan hukumomi, a kuma koya wa ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi cewa zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya sau biyu ga ciwon gaɓoɓi, a tura mai shi gaba tun da wuri.