Mota na tsaye tana rawa, wai laifin taya ne

Ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba. Amma tunda wani ya mai da bencin mai shayi ofishinsa, kullum yana gaya wa jama'a cewa wasu makanikai nawa gare su, mota sai ta tsufa a kan raminsu, ga tsadar tsiya, to bari mu ɗan taɓa maganar aikin sauri, tunda janwe ta sauke mana shi a ƙofar gareji.

Motar Alfa Romeo GTV6 ce, wadda ta fara fitowa a 1980 daga Arese kusa da Milan. Giorgetto Giugiaro ne ya zana jikinta, injin kuma V6 ne mai lita 2.5, aikin Giuseppe Busso. Mai ita dattijo ne mai son abarsa, ba ya fita da ita sai ranar da ransa ya yi fari. Kukansa kuloci ya fara ja, giya ta biyu tana gurzawa, ƙafar gaba tana ƙara a kan gargada. Iyakarsa ke nan. Aka ce masa akwai gwani mai gamawa kafin la'asar.

Gwanin namu ya buɗe bonet, ya fara kwance abin da ke bayan injin yana neman kuloci. Allah sarki. Da ya tambayi ko yaron da ke miƙa masa sifana ya leƙa ƙasa, da ya ga babu giyabos a wurin. Tun motarsu Alfetta ta 1972 mutanen Alfa suka kwashe kuloci da giyabos da difaransha suka haɗe su a baya, tsakanin tayoyin baya, don nauyi ya rabu kusan daidai gaba da baya. Haka GTV6 take, haka Alfa 75 da ta zo a 1985. Wanda duk saninsa ya tsaya a Peugeot 504 ba abin kunya ba ne ya ce bai taɓa gani ba. Abin kunyar shi ne ka riƙe guduma kana cewa duk mota mota ce.

Wannan tsari yana da abin da yake jawowa, kuma nan aka yi ɓarnar. Tunda kuloci yana baya, farfela, wato sandar da ke kai juyin injin zuwa baya, ba ta jiran ka sa giya. Injin na tashi take juyawa, kuma da gudun injin take juyawa, ko mota na tsaye. Doguwar sanda ce gida biyu, da boris mai riƙe ta a tsakiya, da robobi uku masu kama da zobe da ke haɗa ta, ɗaya a gaba, ɗaya a tsakiya, ɗaya a baya. Tun daga masana'anta aka daidaita nauyinta. Shi ya sa kafin ka kwance noti ko ɗaya sai ka ɗauko fenti ka yi alama, kowane ɓangare ya koma fuskar da ya fito, kowane noti da wosha su koma raminsu. Na haska tocila tun daga gaba har baya ina neman ɗigon fenti ko gogen alli. Babu. An kwance, an zube a ƙasa, an mayar yadda hannu ya kai.

Sabuwar robar kuma tana zuwa da ɗamarar ƙarfe da ta matse ta. Ba ado ba ne. Ita ke sa ramukan su hau daidai, sai an ɗaure an gama ake cire ta. Shi kuwa ya tsinke ta tun a kwali, ramuka suka ƙi haɗuwa, ya sa ƙarfe ya banƙare robar har ta shiga. Ta tsakiya ma bai canza ba, ga ta nan duk tsaga, ka danna ta da babban yatsa sai baƙin gari ya zubo maka a hannu. Idan irinta ta fashe injin na kan gudu, farfela ce za ta dinga dukan ƙasan mota daidai inda mutum yake zaune.

Da dattijo ya tada mota ya taka totur, kujera ta kama kakkarwa, madubi na rawa, sai aka ce masa ya je a yi wa tayoyi balans. Jama'a ku taya ni ji. Mota na tsaye cik, taya ba ta motsa ba, amma wai ita ce mai laifi. Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta.

Maganar giya ta biyu kuwa, duk wanda ya san waɗannan motoci ya san zoben da ke daidaita ta ba ya da juriya, musamman da safe kafin mai ya ɗumama. Ana lallaɓa ta ne, ba a fizga. Amma idan kuloci ba ya saki sosai, cin zoben yake ƙaruwa, don haka daga can ake farawa. Kulocin da mai yake aiki, kuma bututun man sai ya bi tsawon mota kafin ya kai ƙaramar silindar da ke baya. A wannan motar silindar ce ke yoyo, tiyon roba ya kumbura, iska ta shiga. Gyaran yini guda ne. Amma an riga an shaida wa mai mota cewa giyabos ya mutu, a kawo kuɗi a nemo gwanjo. Ina za a nemo, oho.

Sai ƙafa. An ce wai an sace sifirin ɗin gaba, shi ya sa babu. Ba a sace ba, malam, ba a taɓa sawa ba. Gaban motar a kan sandunan ƙarfe biyu masu murɗuwa yake zaune, kowace da haƙora a bakinta, kuma da haƙoran ake saita tsayin mota. Ya zare su bai ƙirga ba, ya mayar yadda suka shiga. Yanzu motar ta karkata hagu, ka hango ta daga nesa ka ce tayar ce ta sace. Bushin kuma na tsohuwar tayar tirela aka yanko da wuƙa, har zaren yana leƙowa. Ko da na kirki ne ma, ya ɗaure su tamau mota na rataye a kan jak. Ana sauke ta ne nauyinta ya hau tayoyi tukuna a ƙarasa ɗaurin, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna, kafin damina ta wuce ta yage.

Birkin baya bai taɓa ba, kuma na gode wa Allah. An ce ya cire tayar baya bai ga birki ba, ya mayar da sauri. Birkin yana can ciki, manne da giyabos, shi ya sa idan sil ya fara zubar da man giya faifan birki ne ke sha. Wannan ma mun tarar, kuma babu wanda ya gaya wa mai mota.

Eh, muna da nawa. Kayan wannan mota ba a shagon kwana suke ba, daga Turai ake aiko su, kuma ba ma rufe aiki da abin da muka san zai dawo. Mota za ta zauna har robobin su iso, a kai farfela a sake daidaita ta, a auna tsayin gaba dama da hagu da tef, ba da ido ba. Dattijo ya ji bayani, ya leƙa ramin da kansa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambayi nawa ya riga ya biya a can. Shi ya tambaya, shi ya ba kansa amsa.

Bushin ɗin tayar tirela da tsinkakkiyar ɗamarar suna cikin buhu a bakin ƙofa, tare da wata sifana mai lamba 17 da muka ciro a kan salansa. Mai sifanar ya aiko yaro ya karɓa, ba sai ya zo da kansa ba, ba za mu tambayi yaron daga ina yake ba.